Kurmi Ba Yankari Ba Ne

Sau uku ke nan cikin wata biyu ana kawo mini ƙara iri ɗaya, har na ga ya wajaba in amsa ta a wannan fili gaba ɗaya, domin in huta da maimaita wa kowane mutum shi kaɗai. Na ƙarshensu wani malamin makaranta ne, wanda ya yi shekara guda yana tara kuɗi, ya kama hanya tun daga Arewa, ya bi ta Makurɗi da Gboko har ya faɗa ƙasar Kuros Riba, ya kwana ɗaya a bakin kurmi, ya yi tafiyar awa uku a ciki da rana tsaka, sa'an nan ya komo gida yana rantsuwa cewa babu ko ɓera a dajin, an cinye namun tun tuni, abin da ya rage allo ne a bakin hanya da ma'aikata masu karɓar kuɗin shiga. Ya ce iyakar abin da idonsa ya gani ganye ne da laka da tururuwa. Maganar kuwa ba ta tsaya a ɗakin malamai ba, ta hau waya ta bazu, har wani ya ƙara mata gishiri, wai hotunan gorila da ake nunawa na Najeriya daga Ruwanda aka aro su.

Ba zan yi musun cewa farauta ta rage namun kurmi ba, domin na yi shekaru ina kwance tarkon waya da hannuna, na san abin da ya salwanta fiye da yadda malamin nan ya sani. Abin da na ƙi shi ne hujjar da ya kafa. Ɗalibin da ya zauna gaban malami ko na shekara ɗaya ya san cewa rashin ganin abu ba ya zama dalilin rashin samuwarsa, sai in an neme shi a inda yake, a lokacin da yake fitowa, ta hanyar da ake neman irinsa. Wanda ya fita neman jinjirin wata da hantsi, ya duba gabas, ya dawo ya ce babu wata, ba a karɓar shaidarsa, kuma ba don ana tuhumar gaskiyarsa ba ne.

Asalin kuskuren shi ne Yankari. Yawancin mutanenmu da suka taɓa zuwa kallon namun daji can suka je, kuma abin da suka gani can shi ya zauna musu ma'auni. A Yankari, idan rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe, itatuwa suka kaɗe ganye, tafkuna suka ƙafe, dole giwa da ɓauna da gwanki su gangaro kogin Gaji, domin ƙishirwa ba ta bar musu zaɓi ba. Kai kuwa kana zaune cikin mota, idonka yana kaiwa nesa, an tara maka su wuri ɗaya kamar ranar kasuwa, in ka gaji ka koma ka yi wanka a maɓuɓɓugar Wikki. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa a kurmi. Ruwan da ke sauka a tsaunukan Oban a shekara yana wuce milimita 3,000, alhali na Kano a yawancin shekaru ba ya kai 1,000, saboda haka kowane kwari da ƙoramarsa, babu dabbar da ƙishirwa za ta kora zuwa gabanka. Itatuwa kuma sun haɗa kai a sama, mita 30 zuwa 40 daga ƙasa, sun yi rumfa wadda hasken rana da ke ratsa ta ya iso ƙasa bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. 'Ya'yan itace a can sama suke, furanni a can, saboda haka birai da tsuntsaye ma a can suke. Mai tafiya a ƙasa kamar mutum ne da ya shiga zauren gidan bene, ya tarar ba kowa, ya fita yana cewa kango ne, alhali mutanen gidan suna sama suna leƙensa.

Sa'an nan a haɗa da wannan: dabbar da ta rage a kurmin Afirka ta Yamma a yau, ta rage ne don ta gaji tsoron mutum daga iyayenta. Waɗanda ba su da tsoro an daɗe da dafa su. Ayarin mutum takwas, suna hira da ƙarfi, ɗaya ya kunna waƙa a waya, wani ya fesa turaren da ake jin ƙamshinsa daga nesa, farar rigar wani tana walƙiya cikin duhun ganye, kowace dabba da ke kewayen ta san da zuwansu tun ba su yi taku ɗari ba, ta kuwa ba su hanya cikin ladabi. Ga shi kuma sun shiga da rana tsaka, lokacin da ko tsuntsu ya yi shiru. In da malamin nan ya ga wani abu a wannan hali, da shi ne abin ta'ajibi.

Mu zo kan gorila, wanda muke kira goggon biri kamar yadda muke kiran duk wani ƙaton biri. Akwai shi a Najeriya, kuma irinsa daban ne da na Ruwanda. Na Kuros Riba ba su kai 300 ba a duniya duka, suna warwatse a kan duwatsu masu wuyar hawa a tsakanin Najeriya da Kamaru: a dutsen Afi, da duwatsun Mbe, da sashen Okwangwo na gandun daji na ƙasa, da Takamanda a ƙetaren iyaka. Hotunan da ake cewa an aro, na'urar ɗaukar hoto da aka ɗaure a jikin itace ce ta ɗauke su a duwatsun Mbe, ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da su a shekarar 2020, ana ganin manya da jarirai a baya. Dalilin da ya sa sai da na'ura aka same su shi ne, akwai masu gadin daji da suka yi shekaru suna bin sawun dabbobin nan ba su haɗa ido da su ba sai sau ɗaya ko biyu. Yadda ake ƙidaya su ma ta gadonsu ne, domin gorila kowane dare sabon gado yake yi da rassa da ganye, sai a bi da safe a ƙirga gadajen a san yawan garken.

Waɗanda ake gani a talabijin suna cin ganye kusa da Turawa, na Ruwanda da Yuganda ne, an yi shekaru ana binsu kullum har suka saba da mutum, kuma a Ruwanda mai son ganinsu dala 1,500 yake biya don zaman awa ɗaya tak, mutum takwas a kan garke ɗaya a yini. Namu da gangan aka ƙi sabar da su, kuma ina ganin hikima ce, domin dabbar da ka koya wa cewa mutum ba abin tsoro ba ne, a ƙasar da har yanzu maharbi ke yawo, ka miƙa ta ne ga bindiga. Ban da haka murar da kai za ka warke cikin kwana uku tana iya kashe gorila. To, duk wanda ya yi maka alkawarin nuna maka gorila a Kuros Riba in ka ƙara masa kuɗi, ɗayan biyu ne: ko maƙaryaci ne, ko mai laifi.

Wani zai ce, to me ya kai ni? Bari in faɗi abin da na gani wata safiya, wanda kowa zai iya gani in ya bi ƙa'ida. Mun tashi bayan sallar asuba, mu uku da jagora, ba mai magana, muka yi tafiyar rabin awa zuwa gindin wani irin ɓaure na kurmi da jagoran ya san ya nuna a makon nan, muka zauna a kan saiwarsa, wadda ta fito daga ƙasa kamar katangar ɗaki. Minti ashirin ba abin da ya motsa sai raɓa da ke ɗiga. Can sai muka ji wani sauti a sama kamar ana zuga zugazugin maƙera, fuu, fuu, fuu. Manyan 'yan'uwan cilakowa ne na kurmi, masu ƙaton ƙahon baki, fukafukansu ke wannan ƙara. Suna sauka sai guntayen 'ya'yan itace suka fara zubo mana a ka. Bayansu aku suka iso, masu toka-toka da jar wutsiya, irin waɗanda muka saba gani a keji a ƙofar gidan attajiri, amma nan garke guda suna ta fito. Jagoran ya taɓa gwiwata, ya nuna sama da leɓe. Na daɗe ina dubawa ban ga kome ba, sai wani ɗan farin tabo ya motsa a cikin ganye, ashe hancin biri ne, irin baƙaƙen nan masu farin hanci kamar an shafa musu alli. Da na gane ɗaya, sai na ga bakwai. Sun yi kusan rabin awa suna ci, har ɗayanmu ya yi tari, babban namijin ya yi wata tsawa, kafin ƙiftawar ido itacen ya koma kamar ba a taɓa hawansa ba. A hanyar komawa jagoran ya nuna mana inda jan aladen daji ya yi tono da dare, da sawun gada a laka, da kashin giwa wanda tsiro ya riga ya fito a cikinsa, ya ce ya kwana kamar goma. Giwar kurmi ƙarama ce a kan ta Yankari, haurenta a miƙe, kuma tana iya tsayawa taku ashirin daga gare ka ba ka sani ba.

Wannan shi ne kallon kurmi: kashi ɗaya na ido, kashi biyu na kunne, saura kuwa haƙuri. Wanda ya ba shi kwana uku, yana fita da asuba da la'asar sakaliya, yana zama fiye da yadda yake tafiya, ba zai koma hannu rabbana ba. Wanda kuma ransa ya ƙi sai ya ga babbar dabba ido da ido, akwai masa mafita ta halal. Ƙungiyar Pandrillus tana da wuri a Kalaba da wani a gindin dutsen Afi a ƙasar Boki, inda take renon marayun birai da aka ƙwato daga hannun maharba, musamman wanda ake kira diril, mai baƙar fuska sumul da guntuwar wutsiya, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai Kuros Riba da yammacin Kamaru da tsibirin Bioko. A garin Boje na ƙasar Boki kuma, cikin watannin da Turai ke sanyi, tsattsewa dubun dubbai da suka ƙetaro hamada suna taruwa da magariba su kwana cikin dogayen ciyayi a gefen tudu. 'Yan'uwanmu na zangon Gana suna da Kakum kusa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadoji bakwai na igiya tsakanin ƙwanƙolin itatuwa tun 1995, mutum ya hau ya ga rumfar daga sama. Amma can ma in ka je da tsakar rana tare da motar 'yan makaranta, ihun yara kaɗai za ka ji.

Akwai kuma jita-jita ta biyu, kishiyar ta farko, kuma abin dariya sau da yawa baki ɗaya ke faɗin su duka biyu: wai kurmi cike yake da damisa da mesa masu jiran baƙo. A duk shekarun da na yi, ban taɓa ɗauko mutum daga daji don dabba ta kama shi ba. Maciji akwai, musamman wata 'yar'uwar kasa mai faɗin kai, wadda zanen jikinta ya saje da busasshen ganye har ba a rarrabewa, amma malalaciya ce, sai an taka ta. Takalmin roba mai tsawo da duba inda za ka sa ƙafa, da barin cusa hannu a rami ko bayan kututture, sun isa. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana ƙafar motsi a ɗauki mutum zuwa asibiti. Kwarkwasa ta fi maciji yawan sa manya rawa ba kiɗa; in ka ga layinta ya ratsa hanya, tsallake da sauri, kada ka tsaya nazari. Sauro ba sai na faɗa ba. Wanda mutanenmu ba su sani ba shi ne wani ƙuda, ɗan'uwan masu cizon shanu, mai cizo da rana, mai son hayaƙin itace, wanda ke sa wa mutum tsutsar da ke yawo ƙarƙashin fata, wani lokaci har ta gitta ta farin ido. Kumburin da take kawowa likitoci da sunan Kalaba suka san shi. Doguwar riga mai dogon hannu da maganin shafawa su ne kariya. A yi allurar rigakafin shawara kafin tafiya, sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Duk wanda zazzaɓi ya kama bayan ya dawo, ya gaya wa likita inda ya je, kada ya tsaya sayen ƙwaya a kanti.

Amma duk waɗannan ƙananan mas'aloli ne. Abin da ke kashe baƙo a kurmi, ko ya kai shi bakin kabari, ɓata ne, kuma a kan wannan nake so mai karatu ya ba ni hankalinsa duka. Kada ka rabu da jagora. Kada ka rabu da shi don ɗaukar hoto, kada ka rabu da shi don ka ji motsi a gefe, kada ka rabu da shi don ka ga wata hanya da ta fi kyau, kada ka rabu da shi don biyan bukata ba tare da ka gaya masa ba. Na san zan gundure ku, amma na gwammace ku gundura.

Mutumin Arewa ya tashi a ƙasar da sama take a buɗe. Ko bai taɓa karanta taswira ba, jikinsa ya san gabas, domin rana tana kansa tun safe, ga kuka can, ga dutse can, ga hasumiyar masallaci, da dare ga taurari. Wannan ilmi da ya dogara da shi bai ma san yana da shi ba, sai ranar da aka ƙwace masa. A ƙarƙashin rumfar kurmi ba rana, ba inuwa mai nuna gefe, ba nesa. Ko'ina ka juya itace ne irin na bayanka, idonka ba ya wuce taku goma sha biyar. Mutum in ya rasa abin da zai saita tafiyarsa da shi, kewaye yake yi yana tsammani miƙewa yake. Murya kuma ganye yana shanye ta, ga kukan ƙwari, ga ƙarar ruwa, har ka yi ta kira wanda ke kusa da kai bai ji ba, in ma ya ji ba zai san ta ina ba. Mafi sharri, hanyoyin giwa da na maharba sun fi hanyar baƙi kama da hanya, suna jan mutum cikin natsuwa zuwa inda ba kowa, wasu kuma an shuka musu tarkon waya. Wayar hannu da kake taƙama da ita, a yawancin kurmi agogo ce kawai.

Na taɓa shiga da wasu baƙi, cikinsu da wani dattijo mai kamala, wanda tun da muka tashi bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Muka tsaya hutawa a bakin wata ƙorama da misalin ƙarfe goma sha ɗaya. Bukata ta kama shi, kunya ta hana shi faɗa a gaban surukinsa da ke cikin ayarin, sai ya ɗauki butarsa ya zame a hankali, kuma saboda kunyar dai ya ƙara nisa fiye da yadda ya kamata, ya kewaya bayan wani babban itace, ya sake kewaya wani. Da ya gama ya juyo, ya nufi inda ya tabbata nan muke. Mu kuwa sai da muka tashi tafiya muka ƙirga muka ga ba shi. Awa biyar muna nema, an aika ƙauye an kira samari, hadari ya haɗu, duhu ya fara shiga, domin a kurmi tun ƙarfe biyar ido ke fara gazawa. Da Allah ya sa aka same shi, yana zaune a gindin itace, takalmi ɗaya ya tafi, ƙaya ta yayyage rigarsa, butar tana hannunsa bai yar ba, yana ta jan carbi. Tsakaninsa da inda muka huta bai kai taku ɗari huɗu ba. Ya ce mini ya yi tafiyar da a ƙasarsu da ta kai shi gari na uku, kuma sau biyu yana wuce wani kututture yana cewa ya yi kama da wanda ya gani ɗazu. Abin da ya cece shi, bayan ikon Allah, shi ne da ya gaji ya zauna.

Saboda haka in ka ga ka ɓata, zauna nan take. Kada ka ce bari in ɗan gwada can. Kowane taku da ka ƙara yana faɗaɗa dajin da za a bincika. Nemi itace mai faffadar saiwa ka riƙa dukanta da sanda, sau uku, ka saurara, ka sake, domin wannan sauti yana tafiya nesa fiye da murya. Usur na 'yan ƙwallo, wanda kuɗinsa bai kai na kwalbar lemo ba, ya kamata ya kasance a wuyan kowa, tare da ƙaramar tocila. Kada ka bi ƙorama da zaton za ta kai ka gari, tana iya kai ka bakin gangare, kuma ruwan da aka yi a kan tudu inda ba ka gani ba yana iya cika ta cikin 'yan mintoci. Batun kunya kuwa, gaya wa jagora a kunne, zai juya maka baya ya tsaya inda kake jin tarinsa. Kakanninmu fataken goro da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja ba ragwaye ba ne, amma ba su taɓa tashi ba madugu da jagaba ba, kuma ba a jin falke ya ce shi ya san hanya ya ware daga ayari. Jagoran nan da kake rainawa don ba ya jin Hausa, ko don rigarsa ta tsufa, a dajin aka haife shi. Ka biya shi hakkinsa cikakke, in ya ce a koma a koma, ko da kana ganin sama garau.

Sauran shiri ba shi da wuya. Lokacin zuwa daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Babbar riga da farar shadda da takalmin fata a bar su a masauki. A sa tufafi masu duhun launi marasa nauyi, a cusa ƙafar wando cikin safa. Turare a haƙura da shi kwana uku. Kada wanda ya saba da zafin Sakkwato ya raina na kurmi don ma'auni ya nuna bai kai ba: a can gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, mutum yana zubar da ruwa bai sani ba, sai jiri ya kwashe shi. A sha ruwa tun ba a ji ƙishi ba, a tafasa na ƙorama, a riƙe ƙunshin gishiri da sukari. A ɗauki guzuri, ƙuli-ƙuli da dabino da garin kwaki ba sa lalacewa. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, a riƙe kamfas domin rana ba za ta taimaka ba, a kuma dogara da agogo wajen magariba, don duhun kurmi yana riga faɗuwar rana.

Ba zan rufe ba sai na faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da ya fito daga daji yana kukan ba dabbobi, shi ne za ka ga ya tsayar da mota a bakin titi yana cinikin banda, ko ya sayi ɗan aku a kwali don ya kai wa yara tsaraba, ko ya tsaya ɗaukar hoto da jaririn biri da aka ɗaure da igiya, bai tambayi yadda aka raba shi da uwarsa ba, alhali ba a ɗaukar jaririn biri sai an harbe uwar. Kowace naira da ya miƙa, aike ne ga maharbi cewa ya koma gobe. Wannan ɓarna ce a bayan ƙasa, ban da hatsarin da ke cikinta, tun da ƙyandar biri ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, kuma taɓa namun daji yana cikin hanyoyin kamuwa da ita. Hukumomi ma ba su fita ba. An kafa gandun Kuros Riba a 1991, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 4,000 tsakanin Oban da Okwangwo, shi ne mafi girman abin da ya rage mana na tsohon kurmi, amma baƙon da ya zo ba ya samun ko 'yar takarda da za ta gaya masa abin da na faɗa a nan. Na sha ganin mai gadin daji yana sintiri da takalmin da ya saya da kuɗinsa, ga motocin katako suna wucewa da dare. In da a bakin ƙofa akwai wanda zai ce wa malamin nan, Malam, yanzu rana ta yi, kwana ka fito da asuba, da bai koma gida da labarin da ya koma da shi ba, da ni ma ban ɓata muku shafi ba.

Malam, in wannan ta iso gare ka, ka sake shiri a watan Janairu. Ka tuntuɓi ofishin gandun a Akamkpa tun kafin ka tashi, ka nemi jagora, ka ware kwana uku, ka bar turaren a gida. In ka yi haka ka dawo ba ka ga kome ba, rubuto mini, zan buga wasiƙarka a wannan fili ba tare da na taɓa ko harafi ɗaya ba.